Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ƙwadago Da Ministan Lafiya Kan Ƙurar Dutsen Kwats

Masu girma Ministoci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya dafa muku a kan nauyin da aka ɗora muku. Ni mai sa tayil ne da dutsen kicin, na fi shekara ashirin a wannan sana'a tsakanin Kano, Kaduna da Abuja. Na rubuto ne a madadin abokan sana'ata, masu yankan dutse da masu goge shi da yaran da ke riƙe mana gefen falle idan ana yanka, waɗanda galibinsu ba su cika shekara talatin ba. Da gangan na haɗa ku a takarda guda, domin abin da ya kawo ni ya faɗa ne a ramin da ke tsakanin ma'aikatunku, kuma idan na rubuta wa ɗaya shi kaɗai na san zai ce na ɗayan ne.

Lokacin da na fara aiki, dutsen kicin marmara ne ko giranait, waɗanda ake fasowa daga dutse yadda Allah Ya halicce su. Yanzu abin da matan gida ke nuna mana a waya su ce irinsa suke so shi ne kwats. Wannan haɗin masana'anta ne: a niƙe dutse ya zama gari, a kwaɓa shi da ƙaron roba da launi, a matse shi da inji ya zama falle. Yana da kyau, ba na musu. Manja ba ya kama shi, launinsa ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, shi ya sa ya samu kasuwa. Amma abin da ke cikinsa ne matsalar. Sinadarin silika, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, a marmara bai kai kashi 5 cikin 100 ba, na giranait yakan tsaya wajen kashi 30, shi kuwa kwats yana haura kashi 90.

Da za ku zo ku ga yadda muke huda gurbin wurin wanke-wanke a kicin ɗin da aka riga aka yi wa fenti, da kun gane sauran bayanin ba sai na yi ba. Mai gida ba ya son ruwa ya ɓata masa kabad, saboda haka a bushe ake yanka. Da an ɗora giranda, wato injin yankan, cikin minti biyu ba ka ganin wanda ke tsaye kusa da kai. Idan aka kashe inji, yaro ɗan shekara ashirin zai fito girarsa da gashin kansa fari fat kamar dattijo, ya fyace majina ta fito kamar kunu. Kariyarsa ƙyalle ne a hanci, ko irin takunkumin nan shuɗi da ya rage mana tun zamanin korona. Da yamma a sayo madarar gwangwani kowa ya kurɓa, wai tana wanke ƙirji. Ni ma haka na gada, haka kuma na koyar. Sai daga baya na san madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu, kuma ƙurar da ke kisa ba ma wadda ido ke gani ba ce, ƙananan da ke rataye a iska bayan an share wuri su ne ke shiga can ƙuryar huhu su zauna, huhun ya yi ta tabo a kansu har ya ƙandare. Wannan ciwo shi likitoci ke kira silikosis, kuma ba shi da magani.

Akwai yaron da mahaifinsa ya damƙa min amana yana ɗan shekara goma sha bakwai. Duk cikin yarana babu mai hannunsa a yanka, don haka duk aikin kwats shi nake turawa. Bayan kamar shekara bakwai sai na lura idan ya hau bene da bokitin siminti sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango. Ga busasshen tari, ga rama. Muka kai shi inda ake duba tarin fuka. Gwajin majina bai nuna komai ba, amma hoton ƙirji ya nuna ɗige-ɗige, aka ɗora shi a kan magani na wata shida. Ya shanye tas, bai tsallake ko rana ɗaya ba, numfashi kuwa sai abin da ya ci gaba. A katinsa an rubuta sana'arsa lebura. Sai a wani asibiti dabam wani likita ya ajiye biro ya ce masa, "Malam, leburan me? Me kake taɓawa da hannunka?" Daga wannan tambaya aka tura mu hoton siti sikan, wanda ke nuna cikin huhu dalla-dalla, muka yi karo-karo muka biya, aka gane abin da ke damunsa. Yau yana zaune a shagon yayansa yana miƙa canji, ko alwala ya yi sai ya huta.

Na ɗauki takardar likitan na shiga ofis huɗu. Ba zan kama suna ba, domin babu wanda ya wulaƙanta ni, kowa ya ba ni kujera ya saurare ni, kowa kuma ya nuna min ƙofar wani. A nan na gane cewa ba mugunta ce ke cin mu ba, rabon aiki ne, kuma shi ne kukana na farko.

Ku dubi hanyar da fallen kwats ke bi. Yana sauka a tashar jiragen ruwa, kwastam su karɓi harajinsu. Hukumar SON aikinta ingancin kaya, wato ko ya kai yadda aka ce, ko zai karye. NESREA tana kallon abin da ke gurɓata muhalli. Sashen kula da lafiya da kariyar ma'aikata na Ma'aikatar Ƙwadago yana da masu duba masana'antu. NSITF tana biyan diyya a ƙarƙashin dokar 2010, daga kashi ɗaya cikin ɗari na albashi da masu ɗaukar ma'aikata ke zubawa. Ma'aikatar Lafiya kuwa ita ke karɓar mai tari bayan aikin gama ya gama. Kowannensu yana riƙe da guntun labarin. Wanda ya san tan nawa ya shigo ƙasar bai san hannun wa ya faɗa ba, wanda ya san shagunan da ake yanka bai ga hoton huhu ba, wanda ya ga hoton huhun bai taɓa jin sunan dutsen ba. Ba a ɗora wa kowa alhakin haɗa waɗannan guntaye ba, kuma a aikin gwamnati kun fi ni sanin yadda ake kallon wanda ya miƙa hannu cikin hurumin wani. Sakamakon a wajenmu shi ne yaro ya sha maganin ciwon da ba shi da shi na rabin shekara, yana kuma komawa bakin giranda duk ranar da ya ɗan ji dama.

Wannan ruɗani da tarin fuka ba ƙaramin abu ba ne a ƙasa irin tamu, wadda ke cikin waɗanda suka fi yawan masu tarin fuka a duniya. Likitan da ya ga ɗige-ɗige a huhun matashi talaka, tarin fuka zai fara kawowa a ransa, kuma ba a ga laifinsa ba. Ga shi kuma mai silikosis ya ninka sauran mutane kusan sau uku wajen saurin kamuwa da tarin fukan gaske, wato sau da yawa cutukan biyu tare suke zuwa, a yi maganin ɗaya a sallami mutum da ɗayan. Ko a Amurka an yi wannan kuskure. A 2023 likitoci a jihar Kalifoniya sun wallafa bayanin masu yankan wannan dutse su 52 da suka kamu, kusan dukkansu 'yan ci-rani daga Latin Amurka, goma daga cikinsu sun riga sun rasu, kuma da yawansu tun farko cewa aka yi tarin fuka ne ko namoniya. Idan haka ta faru inda siti sikan ke kowane lungu, ku auna namu.

Kuka na biyu gajere ne. Dokar masana'antu da ake aiki da ita ta 1987 ce, shekarar da aka buɗe masana'antar Caesarstone a Isra'ila, ɗaya daga cikin na farko da suka fara fitar da wannan dutse kasuwa. Waɗanda suka rubuta dokar ba su taɓa ganinsa ba. Idonta yana kan masana'anta mai ƙofa da rajista, mu kuwa aikinmu a rumfar kwano yake da gidajen da ake ginawa, yau muna nan gobe muna can. Tarar da ke cikinta ta 'yan dubban nairori ce, ba ta kai kuɗin faifan giranda mai kyau ba. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin sabuwar dokar kariyar ma'aikata a 2012, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. A 2022 Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya ta 187 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ke neman kowace ƙasa ta kafa tsari guda na kare lafiyar ma'aikaci. Mun gode da sa hannun, amma har yanzu bai iso rumfarmu ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ci min rai. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da ke cikin fallen nan shi ne wanda ya kwaɓa shi, shi ne kuma wanda zai yi asara idan aka sani. A duk shekarun da na yi ina sauke kwats daga mota ban taɓa samun takardar gargaɗi da yarana za su iya karantawa ba. Dillali farashi da kauri da launi ya sani, shi ma ba a gaya masa komai ba. Kada ku ɗauka zargi ne na mai jin haushi. A watan Fabrairun 2023, a wata kotu da ke Bigo a ƙasar Sifaniya, mai kamfanin Cosentino da ke yin Silestone ya amsa laifin sakaci na rashin sanar da haɗarin kayansa yadda ya kamata, aka yanke masa ɗaurin wata shida da aka jingine, a shari'ar ma'aikata biyar da suka kamu. Tun 2012 likitocin dashen huhu a Isra'ila suka ba da rahoton mutum 25 masu yankan wannan dutse da huhunsu ya lalace. A lardin Kadis na Sifaniya an ƙirga 46 a tsakanin 2009 da 2012. Duk da haka kasuwa ta ci gaba da buɗewa ƙasa bayan ƙasa, kowace ƙasa kuma sai ta binne nata matasan kafin ta gano abin da maƙwabciyarta ta daɗe da sani. Amsar masu kamfani a ko'ina ɗaya ce: dutsen ba shi da laifi, laifin mai yanka ne da bai bi ƙa'ida ba. To wace ƙa'ida, wa ya karanta mana ita?

Na huɗu, rashin ƙidaya. Idan na ce muku yaranmu na mutuwa, za ku tambaye ni su nawa, kuma kuna da gaskiya. Sai dai ku lura da yadda abin ke zagayawa. Ba a bincike sai an ga alƙaluma, alƙaluma ba sa samuwa sai an yi bincike, kuɗin binciken kuma kowace ma'aikata tana ganin daga kasafin ɗayar ya kamata ya fito. Ostireliya ma ba ta san girman abin ba sai da jihar Kwinsland ta fara bin shagunan yanka ɗaya bayan ɗaya a 2018 tana duba ma'aikata. Da aka duba, a Kwinsland da Biktoriya, kusan ɗaya cikin kowane huɗu aka samu da ciwon, da yawansu ba su ma fara jin komai a jikinsu ba, kuma hoton ƙirji na yau da kullum ya tsallake wasu da siti sikan ya kama. Aka kafa kwamitin ƙasa a 2019, ya miƙa rahoto a 2021, aka ci gaba da ja-in-ja tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago. Kamfanoni suka kawo shawarar a bar mai ƙarancin silika, hukumar kare ma'aikata ta ƙasar ta ce ba ta ga hujjar kimiyya da ke nuna wani adadi da za a ce ba ya cutarwa ba. A ranar 13 ga Disamba 2023 ministocinsu suka amince da haramta dutsen, haramcin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024, aka rufe shigo da shi daga 1 ga Janairu 2025. Ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka.

Ina kawo Amurka a nan don kada a ce sai an ƙara nazari tukuna, domin nazari shi kaɗai ba ya kare kowa idan mai nazarin dabam ne mai zartarwa dabam. Cibiyarsu ta binciken lafiyar ma'aikata, NIOSH, tana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Hukumar da ke kafa ƙa'ida ta hukunta, OSHA, tana ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago. A 1974 masu binciken suka faɗi iyakar ƙurar silika da ya kamata ma'aikaci ya shaƙa. Sai a 2016 aka mayar da wannan adadin doka. Shekara 42 takarda na tafiya daga wannan ofis zuwa wancan, masu masana'antu na riƙe mata ƙafa a hanya. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a gida. Gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, amma ƙauyen Bagega sai a 2013 aka fara tsabtace shi, bayan dogon jiran a saki kuɗi.

Akwai tambayar da ke hana ni barci, kuma ku ne ke da hanyar samun amsarta. Masana'antun da ke yi wa Ostireliya wannan dutse ba duka suka rufe ba. Kayan da aka hana shiga can dole su nemi wata kasuwa, kuma kasuwar da ba ta tambaya ita ce ta fi sauƙin shiga. An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, a wannan sana'a kuwa ruwan ma na gaske ne.

Ba zan wanke kanmu ba. Mu iyayen gida mun san yanka da ruwa ya fi, ko don faifai ya daɗe. Muna gudunsa ne saboda yana cin lokaci, yana ɓata wuri, ga tsoron ruwa ya haɗu da wayar lantarki a gidan da ba a gama haɗa wuta ba. Tun abin da ya samu yaron nan na hana yanka a bushe a wurina, na sayi injin da ke zuba ruwa a bakin faifai, na koma yin huda a shago kafin a kai gida. Na rasa ayyuka saboda haka, domin na kusa da ni zai yi a rabin lokaci da ragin kuɗi. Wannan ne dalilin da ya sa nasiha ba za ta wadatar ba. Muddin mai yin daidai shi ke asara, sai doka ta daidaita mu.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku zauna ku biyu ku fitar da ofis guda, da sunansa da lambar wayarsa, wanda alhakin ƙurar silika ke wuyansa, a kuma umarci kwastam da SON da NSITF da shirin yaƙi da tarin fuka su riƙa miƙa masa abin da suka sani. Ba sabuwar hukuma muke nema ba, waɗanda ake da su sun isa. Wanda za mu je wurinsa bai ce mu je gaba ba, shi muke nema.

Mai girma Ministan Lafiya, naka roƙon shi ne mafi arha kuma mafi gaggawa. A duk cibiyar da ake duba tarin fuka a wajabta tambaya biyu: ka taɓa yin aikin ƙura, kuma shekara nawa? Kalmar lebura ko ɗan kasuwa a kati ba ta isa ba. Wanda ya amsa da e, gwajin majinarsa kuma bai nuna komai ba, ko ya gama magani bai warke ba, a tura shi asibitin koyarwa a yi masa siti sikan ba tare da an bar shi da kuɗin ba. Duk wanda aka tabbatar a rubuta shi a rajista guda ta ƙasa. Wannan tambaya za ta tsamo har da masu fasa dutse a kwari da masu niƙa dutsen zinariya, waɗanda suka riga mu shan wannan ƙura.

Mai girma Ministan Ƙwadago, a fitar da umarnin hana yankan kwats a bushe, a shago ko a wurin gini, kuma alhakin ya hau kan ɗan kwangila da mai shago, kada a kama yaron da aka miƙa wa giranda. A tilasta wa mai shigo da kaya ya bayyana yawan silikar da ke cikinsa, ya manna gargaɗi a jikin kowane falle da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, da hoto saboda wanda bai yi boko ba. A samar da hanyar da ƙananan shaguna irin namu za su shiga asusun diyya da kuɗin da za su iya, domin a yanzu wanda ya fi kowa shaƙar ƙurar shi ne ba ya cikin lissafi.

A ɗauki kasuwannin kayan gini uku ko huɗu, irin su Dei-Dei a Abuja, a duba huhun duk wanda ya yi shekara biyar yana yanka. Jami'o'inmu suna da likitocin ƙirji da za su iya, abin da suke buƙata izini ne da kuɗi da ba na masu sayar da dutsen ba. Abin da aka samu a faɗa wa jama'a, a rediyo, da harshen da muke ji. Idan sakamakon ya yi kama da na Ostireliya, to ku yi abin da Ostireliya ta yi. Za mu koma marmara da giranait da tayil, da su muka fara cin abinci.

Idan kuna son ganin abin da ido, ku aiko wakili ranar aiki, kada a sanar da mu kafin ya zo don kada a share wuri. Zan kai shi shaguna biyar a unguwa ɗaya, daga nan mu biya shagon yayan yaron nan. Ya ce zai yi magana da duk wanda ya zo, sai dai a yi haƙuri da shi, yana yi yana tsayawa.

Na gode da lokacinku. Allah Ya ƙara muku lafiya.

Naku,
Wani mai sa tayil da dutsen kicin, a madadin abokan sana'arsa.